Abin da Kuku Ya Gaya wa Tukunya

Lamun tana tsame taliya daga tafasasshen ruwa a rumfarta da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta Ban Pong lokacin da baƙon ya zauna a benci, ya rungume jakarsa kamar wanda aka ce za a ƙwace. Da ganinsa ɗan Bangkok ne. Farar riga, tabarau, ga takalmin da bai taɓa sanin laka ba. Ya ci kwano ɗaya, ya nemi ƙari, sannan ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya tambaya ko ita ce matar marigayi Sanit, wanda ya fito a fim ɗin Kuku Ba Ya Mutuwa.

Rabon da wani ya ambaci sunan fim ɗin nan a gabanta har ta manta. Ta juya taliyar ba tare da ta ɗago ba.

"In zaginsa ka zo yi, ka makara, ɗana. An ƙona gawarsa tun kafin gemunka ya fito."

Baƙon ya ce sunansa Wirot, yana koyarwa a jami'a, ɗalibai suna kiransa Ajan, wato malam. Ya ce an tsinci gwangwanayen da ke ɗauke da zaren fim ɗin a ɗakin ajiyar wani haikali can arewa maso gabas, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. An wanke, an liƙe inda ya tsinke, an haska wa masu sharhin fina-finai. Dukansu sun fito suna cewa ba a taɓa yin fim na zamanin yaƙi kamarsa a ƙasar ba. Matsala ɗaya ce, fim ɗin bebe ne.

Lamun ta san wannan fiye da shi. A zamanin da aka yi shi ba a ɗaukar murya, hoto kawai ake ɗauka, baƙi da fari. Kowace silima tana da masu ɗora murya nata, mace da namiji, su zauna a wani ɗan ɗaki da makirufo, namijin ya yi duk maza, macen ta yi duk mata da yara. Fim yakan tashi ko ya faɗi ne a bakin waɗannan biyun.

Sanit ya fito a matsayin wani mai tallan taliya da sojojin Japan suka kama suka ce shi ne kukun barikinsu, alhali ban da taliya ba abin da ya iya dafawa. Yana zuba wa hafsansu barkono har ya yi ta atishawa a gaban fareti. Yana satar shinkafa a cikin wandonsa ya kai wa masu aikin tilas na shimfiɗa layin dogo, yana tafiya tana zuba ta ƙafa, kaji na binsa. Matarsa kuma kullum tana bakin ƙofar bariki tana masa ruwan masifa. A tsakiyar fim akwai wani wuri da ya zuba wa abokinsa abinci a kwano ya ajiye, ma'aikata suka dawo daga daji, abokin ba ya cikinsu. Sai kuku ya zauna a gaban tukunya shi kaɗai, yana ta yi mata magana, har tsawon lokacin da mutum zai sha shayi ya gama.

Da aka fara haska shi a Bangkok, silimar ta sa nata shahararren mai ɗora murya. Mutumin ya dubi wurin nan na tukunya, ya ga ya yi tsawo, sai ya cika shi da zancen tusa da na mashaya. Washegari jaridu suka sauko wa Sanit. Wani ya rubuta cewa ga biri yana rawa a kan kabarin mutanen da ƙasa ba ta gama cinye su ba. Wani ya ce duk wanda ya rasa ɗan'uwa a layin dogo ya tofa wa fuskar nan yawu. Ba wanda ya tambaya wa ya sa maganar a bakinsa. Sanit kuwa yayansa a layin nan ya mutu, shi yana yaro yana wanke tukwane a bariki.

Daga nan ba wanda ya sake ɗaukarsa wasa. Mai fim ɗin ya sayar da gwangwanayen ga wani mai motar majigi da ke yawo ƙauyuka yana tallan maganin tsutsar ciki. Sanit ya bi motar, ya ce shi zai ɗora wa kansa murya. Lamun, tana amarya da goyo a lokacin, ta zama muryar mata. Rani guda suka yi suna kafa farin ƙyalle a filin haikali da faɗuwar rana. Mutane su yi dariya har su kwanta a ciyawa, su tashi suna share hawaye, tsofaffi su zo su dafa kan Sanit. Da damina ta sauka mai motar ya samo fina-finai masu kala, ya sallame su. Sanit ya koma tukunyar taliya ta gaske, har tari ya kai shi ƙasa.

Abin da Ajan Wirot yake so shi ne a haska fim ɗin a jami'a da kalmomin Sanit na asali. Takardar maganganun ta ɓace tuntuni. Ya tambaye ta ko tana iya tuna wani abu, ko da kaɗan ne.

"Wani abu?" Ta ajiye ludayin. "Tun daga atishawar farko har rubutun ƙarshe yana cikin kaina."

Ba ƙarya ta yi masa ba, haka ta ɗauka. Da baƙon ya tafi, 'yarta Jiap, wadda ke wanke kwanuka a baya, ta ga uwar tana zuba wa wani direba suga a maimakon gishiri. Ta ce to, tauraruwa ta fara, ko za a nemo mata jan baki. Lamun ta ce ta rufe mata baki ta kawo albasa. Amma ranar har suka tashi tana murmushi ita kaɗai. Shekaru nawa tana ɗauke da abin da jaridu suka ce da mijinta, ba inda za ta kai ƙara. Yanzu mutanen jaridar da kansu za su zauna su ji abin da ya faɗa.

An kai ta Bangkok, wani ɗaki mai sanyi da baƙaƙen labule. Ajan ya samo wani saurayi mai ɗora murya, Banjong, mai dogon gashi da surutu, wanda zai yi maza. Aka kunna na'ura. Ga Sanit a jikin ƙyalle, siriri, kunnuwa a baje, yana tura amalanken taliya. Lamun ta riƙe gefen kujera. Ta manta cewa ya taɓa zama yaro haka.

Matar kuku ta fito da tsintsiya, sai bakin Lamun ya buɗe da kansa. Maganar ta zo kamar jiya ta ajiye ta. Da ta gama nata, amsar Sanit ta biyo, ta faɗa wa Banjong, ya maimaita. Ta ce ba haka ba, Sanit yakan ja ƙarshen magana kamar mai neman a yi masa rangwame. Ya sake gwadawa.

"Wannan ai kukan agwagwa ne," in ji ta. "Mijina kuku ne, ba abin da ake dafawa ba."

"Gwaggo, ki yi haƙuri da ni, ban taɓa aurenki ba balle in san yadda ake jin tsoronki."

Har Ajan sai da ya cire tabarau ya goge ido. Haka suka yi ta bi, wuri bayan wuri. Ta tuna zagin hafsa, ta tuna waƙar da kuku ke yi wa kaji, ta tuna inda Sanit yakan yi shiru ya bar mutane su gama dariya. Banjong yana ta rubutawa da sauri.

Sai aka zo kan tukunya. Kuku ya ajiye kwano, ya leƙa ƙofa, ya dawo ya zauna. Bakinsa ya fara motsi. Banjong ya ɗaga biro yana jira. Lamun ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta rufe ido ta saurara cikin kanta, abin da ta ji kawai shi ne rurin janareta.

A nan ta tuna. Duk fim ɗin, wurin nan ne kaɗai babu mace a ciki na tsawon lokaci. Shi ne hutun mai muryar mata. Da kuku ya ɗauki kwano, sai ta ajiye makirufo ta zagaya bayan mota, inda ta kwantar da Jiap a kwando kusa da janareta, don ƙararsa ce ke sa ta barci. Ta ba ta nono, ta gyara mata zani, ta dawo daidai lokacin da matar kuku ke ƙwanƙwasa ƙofa. Kullum takan tarar da filin ya yi tsit, mata na jan hanci. Kullum takan ce gobe za ta tsaya ta ji, har rani ya ƙare ba ta tsaya ba.

Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa, bayan shekaru, suna yanka albasa. Ya dube ta da mamaki ya ce, "Ai kina wurin." Yadda ya faɗa, ta gane cewa duk ranin nan yana zaton tana gefe tana jinsa, wataƙila ma da ita yake. Kunya ta hana ta gyara masa, ta ce haka ne, ta ci gaba da yanka.

Ajan ya ce kada ta damu, za a nemo mai karanta motsin leɓe. Lamun ta girgiza kai. Tunda ba a ɗaukar murya, 'yan wasa duk abin da ya zo bakinsu suke faɗi a gaban kyamara. Sanit ya gaya mata ranar da aka ɗauki wurin nan cefanen kasuwa yake lissafa wa tukunyar, tafarnuwa, man kifi, ganyen miya. Maganar gaske a makirufo aka yi ta, a filayen ƙauye, ta bi iska.

Ba ta haƙura ba. Ta rufe rumfa, ta ɗauki Jiap suka hau motar haya zuwa wani ƙauye a bakin kogi inda suka taɓa kwana biyu suna majigi. Tsofaffin da suka tarar a rumfar haikali sun tuna fim ɗin sarai. Ɗaya ya miƙe ya kwaikwayi tafiyar kuku da shinkafa a wando, jikokinsa na dariya. Amma da ta tambayi zancen tukunya, kowa da tasa. Wata tsohuwa mai jan baki don taunar goro da ganye ta ce maganar gishiri ya yi, wai ya sa gishiri daidai yau, ga shi ba mai ci. Wani ya ce a'a, uwarsa yake tambaya me zai gaya mata. Wani ya ce shi dai ya san ya yi dariya a farko, sai ya ga rigarsa ta jiƙe. Tsohuwar ta ce da shi ai kai a buge kake ranar. Suka kaure da gardama, suka manta da baƙi.

A hanyar dawowa Jiap ta ɗauke ido daga gonakin rake da take kallo ta taga, ta juyo ga uwarta.

"Inna, ke ina kika je lokacin?"

"Shan ruwa."

"Kullum?"

"Aikin murya yana busar da maƙogwaro. Ke da ba ki taɓa yi ba."

Jiap ta dube ta. Ta ɓare lemo ta miƙa mata rabi.

Ranar haskawa ta matso. Banjong ya zo mata da takarda, ya ce ya haɗa abin da tsofaffin suka faɗa, gishiri da uwa, ya ƙara nasa kaɗan. Ya karanta mata da muryar Sanit, wadda yanzu ya iya har tsikar jikinta na tashi. Maganar ta yi daɗi. Ajan ya ce ba wanda zai gane, kuma idan ta ce haka ne, haka ne, don ba mai musa mata. Lamun ta kalli takardar. Tana so. Tana so ta ga masu sharhi suna kuka da bakin mijinta, ko da aron baki ne. Amma ta tuna mutumin silimar Bangkok, shi ma ya ga wurin ya yi tsawo ya cika shi da abin da yake ganin ya dace.

"An taɓa sa masa magana a baki sau ɗaya," ta ce. "Na ga yadda ya ƙare. Ba da ni za a yi na biyu ba."

Banjong ya tambaya to me zai faɗa a wurin. Ta ce ya ajiye makirufo.

An haska shi da rana a babban ɗakin taro na jami'a, an rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Ɗakin ya cika, ɗalibai har a ƙasa, masu sharhi a layin gaba da littattafansu a gwiwa. Aka zaunar da Lamun da Banjong a gefe, a teburi mai ƙaramar fitila. Da matar kuku ta ɗaga tsintsiya, muryar ta fito da ƙarfinta. Ta zage shi, ya amsa. Ta ce da shi raggo, mai kunnen tulu, wanda ko ruwan zafi sai ya ƙona. Ya roƙe ta ta rage murya kada Japanawa su ɗauka jirgin yaƙi ne. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ta daina ganin Banjong. Ga ta ga Sanit, suna faɗansu na da, ita tana jefawa yana cafewa, kuma ba ta taɓa jin daɗin masifa irin na ranar ba.

Kuku ya ɗauki kwano. Jikinta ya yunƙura zai tashi, don ya saba, ta danne shi a kujera. Banjong ya ajiye makirufo a hankali.

Wannan ne karon farko da ta zauna cikin jama'a ta kalli wurin daga farko har ƙarshe. Sanit ya ɗaga murfin tukunya ya mayar. Ya yi mata magana, ya nuna ƙofa, ya yi wata 'yar dariya, ya shafa gefenta kamar mai lallashin yaro. Ya ɗauki cokali ya ɗanɗana abincin abokin, ya ajiye. Bakinsa bai tsaya ba. Ba abin da ake ji a ɗakin sai kaɗawar na'ura. Lamun ta zuba masa ido tana jira, kamar in ta ƙara natsuwa kaɗan zai juyo ya maimaita mata. A layin gaba wani mai furfura ya sa hankici a fuska. Matar kuku ta ƙwanƙwasa ƙofa, Banjong ya taɓa gwiwar hannun Lamun, ta shiga a makare, muryarta a dushe. Ba wanda ya lura.

Da aka kunna fitilu mutane suka miƙe suna tafi. Masu sharhi suka kewaye ta suna haɗa hannu suna sunkuyawa. Ɗaya ya ce shirun nan shi ne zuciyar fim ɗin. Ta ce masa ba shiru ba ne, magana ce ta ɓace. Ya gyaɗa kai da ladabi kamar ta faɗi wata hikima, ya rubuta wani abu.

Jaridu suka fito, Jiap ta karanta mata a rumfa tsakanin masu saye. Sun wanke Sanit tas. Sun ce waɗanda suka zage shi da can makafi ne. Sun ce shi ne ɗan wasan barkwanci na farko da ya gane akwai baƙin cikin da ya fi ƙarfin baki, shi ya sa a ƙauyuka, in an zo kan tukunya, yakan ajiye makirufo ya bar mutane da zukatansu. Wani ya sa wa sharhinsa suna Shirun Sanit. Masu shayi na tasha da suka shekara suna kiransa Biri a bayan idonsa suka fara cewa ai su tun da sun san mutumin ba na wasa ba ne.

Da Ajan Wirot ya dawo, ta tare shi tun bai zauna ba. Ta ce ya je ya gaya musu ƙarya suka rubuta. Mijinta bai yi shiru ba, ya yi magana, ya yi ta da yawa, kowace yamma, har muryarsa na shaƙewa. Ajan ya ce ya gaya musu, ya ma rubuta, an buga a ƙasan shafi. Amma mutane sun riga sun so shirun, ɗalibai har rubutu suke yi a kansa. Ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa an samu masu taimako, za a ɗauki muryarta da ta Banjong a manna wa fim ɗin dindindin, don ya zauna bayan su duka sun wuce. Yana so ya ji me za a sa a wurin tukunya. Takardar Banjong tana nan, in ta sake shawara.

Lamun ta kalli ruwan da ke tafasa. Jirgin yamma ya shigo tasha, fasinjoji suka fara sauka, Jiap tana ta jera kwanuka ita kaɗai.

"In an manna, shi ke nan? Ba a ɓamɓarewa?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ko da wani ya zo daga baya ya ce ya tuna?"

Ita da kanta ta san tsofaffin bakin kogi ba za su ƙara wasu shekaru masu yawa ba, kuma ko yanzu ba su yarda da juna ba.

"A bar shi ba komai," ta ce.

Ya ciro biro zai rubuta, ta riƙe masa hannu da yatsunta masu danshi.

"Amma ranar da za a ɗauka, in an zo wurin, ku bar ni in fita waje. Na kalla sau ɗaya. Ba zan iya zama yana yi mini magana ina kallonsa kamar kurma ba."

Ajan ya ce to. Ta saki hannunsa, ta ɗauki ludayi, ta tambayi mutumin farko da ya zauna ko siririyar taliya yake so ko mai faɗi.